Inci Goma Sha Tara

Ranar kasuwar Ƴankara ce, ruwa ya ɗauke ke nan, Almu yana kokawar fitar da motarsa daga tsakanin buhunan masara. Ja ce mai ƙofa biyu, gajera kamar ta durƙusa, irin ta gudu, ta girme shi da shekara ɗaya. A Faskari babu wanda bai san ta ba, don injin casar da yake ci da shi ma bai samu rabin kulawar da take samu ba.

"Malam, giyarka ta biyu tana kuka."

Ya waiwaya. Wata budurwa ce tsaye da ƙunshin atamfofi, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Ke makanika ce?"

"Tela ce. Amma ɗiyar direba ce ni. Saurin sakin kuloci kake."

Tef ɗin ya zame ya faɗi a taɓo. Ya fito ya ɗauka ya miƙa mata, ta karɓa da hagu.

"Afuwan, hagu," ta ce, ba ta dube shi ba.

Sunanta Barakatu, daga Ƙanƙara. Kafin motar garinsu ta cika ya samu lambar wayarta, shi kansa bai san yadda aka yi ba.

Daga nan saƙonni suka fara kai da kawo.

"Direbata, yau na saki kuloci a hankali saboda ke."

"Mai Ja, ƙarya kake. Daga nan Ƙanƙara na ji ta."

Sai da suka yi wata biyu ta gaya masa zancen hagun. Sun tsaya bakin shagonta da hantsi, ta ɗage mayafi kaɗan. Hannunta na dama ba ya miƙewa, a gwiwa yake tsayawa. Tana shekara bakwai babbar motar mahaifinta, Alhaji Gide, ta kife da su kusa da Mairuwa. Maɗori ya yi iyakar yinsa, ƙashi ya haɗe a karkace. Tun ranar Alhaji bai sake zama a kujerar direba ba, ya kuma hana ta ko taɓa sitiyari.

"Na san kukan kowace giya," ta ce, "amma ban taɓa sa ko ɗaya ba."

Ya buɗe mata ƙofa, mota a kashe. Ta zauna ta taka kuloci. Ta ɗaya ta shiga da ƙyar. Ta uku ta tsaya mata a hanya, yatsunta na shafar sandar amma babu ragowar hannun da zai tura. Ta biyar kuwa ba a magana. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta fito.

"Kada ka gaya wa kowa na gwada. Musamman Baba."

"Wallahi ba zan faɗa ba."

To, Almu mutum ne mai kirki da gaggawa, kuma gaggawar ce ke shiga gaba. Ya taɓa gani a waya ana sa wa motocin gudu wata sanda da ake kira shot-shifta, wadda ke rage tafiyar hannu tsakanin giya da giya. Shi a ganinsa ai gajerar sanda ce kawai. Washegari ya kai motar wajen mai walda, aka sa zarto aka datse tsawon yatsa huɗu daga sandar giyar, aka liƙa kan da wuta. Mai walda har da cewa ya sha yi.

Sandar ta koma dungulmi, ta yi ƙasa, ta yi tauri sai an sa kafaɗa. Da haka ya kama hanyar Ƙanƙara, ranar da aka ce ya zo ya gaida Alhaji.

Alhaji Gide yana da tasa hanyar auna mutum. Zama yake a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ya rufe ido, ya saurari yadda baƙo ke canja giya tun daga kwanar masallaci. Ranar bai ma buƙaci rufe ido ba. Ƙarrr ta biyu, ƙarrr ta ɗaya, kajin unguwa suka watse.

A gefensa kuma ga Mas'ud, ɗan amininsa daga Sabuwa, wanda ya daɗe yana neman Barakatu. Motarsa mai canja giya da kanta ce, ya kuma yi wa Alhaji alkawarin har direba zai ɗauka mata, ba za ta taɓa komai ba. Ya leƙa tagar jar motar, ya yi murmushi.

"Baba, ka ga irin ta 'yan wasan mota a gidan biki. Datsewa suke don su riƙa fizga."

Alhaji ya tashi ya leƙa da kansa. Ya daɗe yana duban tabon waldar.

"Yaro, mi ya sa ka yanke ta?"

Amsar tana bakin Almu, alkawari kuma yana danne da ita. Ya sunkuyar da kai.

"Haka nan, Baba."

"Haka nan. To ni na ga abin da gudu ke yi, a jikin ɗiyata na gani. Ka gaida mutanen Faskari. Kada ka dawo."

Wannan bai yi wa Almu ciwo ba kamar saƙon Barakatu da ya iske shi a hanya.

"Na nuna maka inda hannuna ke tsayawa, abin da ban taɓa nuna wa kowa ba. Sai ka je ka ƙara nisanta ta don ka ji daɗin gudu. Na gode."

Ya rubuta bayani sau uku. Ba ta ko buɗe ba.

Kwana biyu yana zagaya motar kamar mai jinya, sannan ya nufi Sabuwa wajen Malam Hadi, tsohon makaniken da aka ce ya yi aiki a Kaduna. Malam Hadi ya dubi sandar, ya dubi Almu.

"Wane ne ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ni na sa."

"To Allah ya shirye ka. Abin ba a tsawon sama yake ba, a ƙasa yake, inda sandar ke juyawa. A ɗaga wurin, sai hannu ya yi tafiya kaɗan, giya ta yi tata cikakkiya. Kai ka rage wa kanka ƙarfi ne kawai."

Ya nuna masa iri uku a waya, daga wani dila. Ta farko gajera ce mai ƙyalli, tafiyarta ɗan taƙi, amma tana son ƙarfin damtse. Ita Almu ya daɗe yana mafarki, har ya haɗiyi yawu. Ta biyu arha ce, Malam ya ce wata uku za ta fara kaɗawa. Ta uku doguwa ce mai kai mai nauyi, ta ɗan ranƙwafo wajen direba, ana saita ta yadda ake so. Ba ta da kyau ko kaɗan, kamar muciya.

"Wace ce ba ta son miƙa hannu, ba ta kuma son ƙarfi?"

"Muciyar. Amma sai na san iyakar hannun mai tuƙin."

Almu ya fita waje ya rubuta:

"Barakatu, ba haƙuri na zo ba ki ba, na san ban cancanta ba tukuna. Ki ɗauki tef ɗinki ki auna daga kafaɗa zuwa dunƙulen hannunki, iyakar inda yake kaiwa. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Kwana uku shiru. A na huɗu:

"Inci goma sha tara. Kada ka sake tambayata."

Doguwar sandar da ya saya ta iso a motar haya bayan mako ɗaya. Almu ya yanki igiya, ya ɗaura daga kafaɗarsa zuwa wuyan hannu yadda dunƙulensa ba zai wuce sha tara ba, ya zauna. Malam Hadi yana ƙasa yana saiti, shi yana sama yana gwadawa. Ta uku ta shiga. Ta biyar ta ƙi. Aka kwance, aka sake. Sai bayan azahar ta biyar ta faɗa wurinta da ɗan tik, igiya ba ta ko ja ba.

Bai yarda ba dai. Mako biyu yana tuƙi da igiyar a Faskari, a rami da gangare, mutane na tambayarsa ko sabon magani ne.

Wata Asabar da hantsi ya kama hanyar da aka hana shi. Alhaji Gide na ƙarƙashin darbejiya, ido rufe. Ya ji mota ta karyo kwanar masallaci, ta uku ta sauka ta biyu, ta biyu ta sauka ta ɗaya, babu ko tari.

"Wannan kau ya iya," ya ce, ya buɗe ido. Sai ga jar mota.

Almu ya fito ya durƙusa. Ya manta bai kwance igiyar ba.

"Ban ce kada ka dawo ba? Kuma wannan mi ne ne a hannunka?"

Almu ya dubi igiyar. Alkawarin dai yana nan.

"Awon hannuna ne, Baba."

Barakatu ce a bakin zaure. Ta ji motar tun kafin mahaifinta. Ta tako ta tsaya kusa da Almu, ta lanƙwasa hannunta daidai da nasa, a gaban kowa, ba mayafi a kai. Igiyar da hannun tsawonsu ɗaya.

"Ni na gwada tuƙi, hannuna bai kai ba. Na ce ya rufa mini asiri, ya rufa har aka kore shi. Ni ma na zalunce shi." Ta dubi mahaifinta. "Baba, Mas'ud cewa ya yi ba zan taɓa komai ba. Ni kuwa so nake in taɓa."

Alhaji ya tashi. Ya zagaya ya buɗe ƙofar direba, ya zauna, karo na farko a shekara goma sha biyar. Ya manne gwiwar hannunsa da haƙarƙari, ya taka kuloci, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. Ya sake bi. Sannan ya fito ya riƙe ƙofar.

"Zo ki zauna. Kai, shiga gefenta, hannunka kan birkin hannu."

Sau biyu motar ta mutu mata. A na uku ta tashi, ta gangara layin a hankali. Alhaji ya tsaya tsakiyar hanya ya rufe ido. Ya ji ta ɗaya. Ya ji ta biyu. Can kusa da masallaci injin ya ɗaga murya, ya ɗan yi shiru, ya ci gaba.

"Ta uku ta shiga," ya ce, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Mas'ud ya zo, ya ci shinkafa, ya yi addu'a, babu laifi. Da za a kai amarya Faskari, Alhaji ya dafa kanta ya ce Allah ya yi masu albarka, ya tsare hanyarsu, ya ba su zuriya mai haƙuri. Kowa ya shafa.

"Direbata, yaushe za ki riƙa ba ni aron motata?" Almu ya tambaye ta bayan 'yan makonni.

"Ran da ka koyi tuƙi, Mai Ja."

Ranar da suka zo gaisuwa, Alhaji na zaune da abokan hirarsa, ido rufe. Mota ta karyo kwanar masallaci. Wani ya ce ga surukinka nan ya iso.

"A'a," in ji Alhaji Gide, yana gyara zama. "Barakatu ce ke tuƙi. Shi har yanzu saurin sakin kuloci yake."