Ranar da Na Goge Muryar Kakata

Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma a ganina babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta a duk garinmu na Brăila. Yanzu idan na tuna, dariya nake yi wa kaina.

Zamanin ne da samarin unguwa suke jan wayar intanet daga wannan bene zuwa wancan. Wayoyin suna rataye a sama kamar igiyar shanya. Idan iska ta taso, sai unguwa guda ta rasa intanet, kowa ya leƙo ta taga yana mita. Ina kewar wannan zamani ƙwarai.

Muna da dandalin unguwa a intanet. Kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa yake shiga. Ana tallar keke, ana cigiyar kyanwa. Amma babban aikinmu shi ne faɗa a kan manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Gida biyu ne. Akwai 'yan Fitila, masu manhajar da ake saye a shago, mai tambarin shuɗiyar fitila. Akwai kuma 'yan Shamuwa, masu manhajar kyauta, mai tambarin shamuwa tsaye da ƙafa ɗaya. Ni 'yar Shamuwa ce ta gani-kashe-ni. Har hotonta na liƙa a jakar makarantata.

Mu muna kiran su tumaki. Su kuma suna kiran mu masu gemu, ko da yake ni ban ga inda gemu zai fito mini ba.

Wanda na fi tsana a cikinsu shi ne wani mai suna Direba22. Ba ya zagi, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Kullum sai ya rubuta, "Kwamfuta kayan aiki ce. Kowa ya riƙe wadda take yi masa aiki."

Ni kuma in mayar masa, "Tsoho, koma ka kunna rediyonka." Sai 'yan gidanmu su yi ta turo dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma.

A hawa na huɗu muke zaune, ni da Mama da kakana, Tataie Anghel. Babana yana aikin gini a Italiya. Tataie tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne. Yana da tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa, kuma Fitila ce a cikinta. Wasan karta kawai yake yi da ita.

Amma akwai wani abu a cikin wannan kwamfuta da babu shi a ko'ina a duniya. Ranar da aka sayo ta, Baba ya ɗauki muryar kakata, Mamaie Profira. Ya sa muryar ta zama sautin da ke fitowa idan an kunna. Bayan shekara uku Mamaie ta rasu.

Kowace safiya Tataie zai zauna da kofin shayinsa ya danna maɓalli. Sai muryar ta fito: "Anghel, shayinka zai huce."

Shi kuma ya amsa, "Ga ni nan ina sha, Profira."

Wata rana 'yan Shamuwa suka shirya gasa a dandali. Suka kira ta makon ceton tumaki. Kowa zai nemi kwamfuta ɗaya mai Fitila, ya cire ta, ya sa Shamuwa, ya turo hoto. Nan take na tuna da kwamfutar Tataie.

Ranar Juma'a na je wajen malaminmu na kwamfuta, Malam Ifrim, na nemi faifai sabo.

"Me za ki yi da shi?" ya tambaye ni.

"Zan ceci wata kwamfuta, Malam."

Ya dube ni ta saman gilashinsa. "Mai ita ya ce tana neman ceto?"

Ya miƙo mini faifan, ya ci gaba da magana.

"To, ki ji. Kafin ki taɓa kwamfutar wani, ki tambaye shi. Sannan ki kwafe duk abin da ke ciki ki ajiye."

Na ce to. Amma a zuciyata cewa na yi, me ɗan Fitila ya sani? Don na sha ganin shuɗiyar fitila a kwamfutar ofishinsa. Shawara mai kyau ce, na watsar da ita saboda bakin da ta fito.

Ranar Asabar Tataie ya ɗauki ƙugiyarsa ya tafi bakin kogi kamun kifi. Mama ta tafi aiki gidan burodi. Na kwafi Shamuwa a faifan, na shiga ɗakinsa na sa shi a kwamfutarsa.

Kwamfutar ta tambaye ni, "A goge duk abin da ke ciki?"

Na san muryar Mamaie tana ciki. Amma ko sau ɗaya ban tuna da ita ba. Hoton da zan tura kawai nake hange. Na danna "E."

Kafin la'asar na gama. Na tura hoto, aka yi ta yaba mini. Wani ma ya kira ni jaruma.

Washegari da safe Tataie ya zauna da shayinsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina murmushi, ina jiran godiya. Ya danna maɓalli. Sai ga sautin bakin shamuwa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya jira. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya juyo a hankali. "Jikata, yau Profira ba ta yi magana ba."

Sai a lokacin na gane abin da na yi.

"Tataie, na... na gyara maka ita ne."

"Ta lalace ne da?"

"A'a."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye kofin a kan tebur, ya ɗauki hularsa ya fita baranda. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mama ta kira ni ɗakin girki. "Akwai wani wuri da aka ajiye muryar?"

"Ban sani ba."

Ta buga wa Baba waya. Baba ya ce babu. Wannan ɗaya ce tak.

Mama ta zauna ta dube ni. "Ya roƙe ki ki taɓa masa kaya?"

"Shamuwa ta fi kyau, Mama. Kowa ya sani."

"Ban tambaye ki wadda ta fi kyau ba. Shi ba fitila yake kunnawa da safe ba, ba kuma tsuntsu ba. Matarsa yake kunnawa."

Na fashe da kuka. Da na share hawaye, na tafi kwamfutata na rubuta a dandali: "Don Allah ku taimake ni. Na goge muryar kakata da ta rasu."

'Yan gidanmu ne suka fara amsawa. Ɗaya ya ce, "Je ki karanta littafin bayani." Wani ya ce, "Ba laifin Shamuwa ba ne, kada ki ɓata mana suna." Wanda ya kira ni jaruma jiya ko uffan bai ce ba.

Can sai ga saƙon Direba22. Na zaci dariya zai yi mini, kuma da ya yi, da na cancanta.

Ga abin da ya rubuta: "Je ki kashe kwamfutar yanzu. Ki zare wayarta daga bango. Kada kowa ya sake kunna ta. Ina tashi daga aiki ƙarfe uku. Ki ce mahaifiyarki ta kira wannan lamba."

Mama ta kira. Da ta ajiye wayar, ta yi mini wani irin kallo.

Ƙarfe huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ina sa ran ganin tsoho. Sai ga wata mace gajera mai ƙiba, sanye da rigar direbobin jirgin ƙasa na cikin gari, tana haki saboda hawa huɗu.

"Ke ce mai aika ni in kunna rediyo?" ta ce. "Sunana Zamfira. Matsa mini in wuce, ƙafata ciwo take."

Kunya ta rufe ni. "Tanti Zamfira, ki yi haƙuri."

"Haƙurin zai jira. Ina marar lafiyar?"

Ta gaida Tataie, ta zauna a gaban kwamfutar. Ya tambaye ta a hankali, "Madam, akwai sauran fata?"

"Zan faɗa maka gaskiya, Baba Anghel. Gogewa kamar yage shafin farko na littafi ne, wanda ke nuna inda kowane labari yake. Sauran shafukan suna nan, sai dai inda sabuwar manhaja ta hau kai. Ban yi alkawari ba. Amma za mu duba."

Ta buɗe jakarta ta ciro faifai. Na ga tambarin da ke jikinsa, na zaro ido. Shamuwa ce.

"Tanti, ai ke 'yar Fitila ce."

"Ni 'yar mahaifiyata ce," in ji ta. "A wannan aiki, wannan ta fi. A wani aikin, waccan ta fi. Kin taɓa ganin kafinta ya yi gaba da zarto don yana son guduma?"

Ta kunna kwamfutar daga faifan, don kada a ƙara rubuta komai a ciki. Aikin ya ɗauki awa biyu. Mama ta kawo mata burodi mai zafi da kofi. Daga ƙarshe abubuwan da aka goge suka fara dawowa. Amma duk sunayensu sun ɓace, sai lambobi. Sautuka kaɗai sun fi ɗari huɗu.

"Nawa aikin ya ƙare," in ji Tanti Zamfira. "Saura naki. Ki saurare su ɗaya bayan ɗaya."

Kwana uku ina yi. Da na dawo daga makaranta sai in zauna, Tataie yana gefena. Wannan ƙarar ƙararrawa ce. Wannan ƙarar katin wasa ne. Wannan shuu kawai yake yi. Kowace safiya a cikin kwanakin nan, Tataie a ɗakin girki yake shan shayi, shi kaɗai, ba ya magana.

Ranar Laraba da yamma Tanti Zamfira ta biyo ta ga inda muka kai. Muna kan lamba ɗari uku da goma sha bakwai. Na danna ba tare da sa rai ba.

Sai muka ji muryar Baba: "Mama, ki ce wani abu."

Sannan wata murya da na sani tun ina goye: "Me zan ce wa akwati?"

Tataie ya damƙe hannuna. Ashe ba ɗan guntun sautin muka samu ba. Asalin ɗaukar ce gaba ɗaya, wadda Baba ya yanko guntun daga ciki. Muka ji ƙarar cokula. Muka ji Mamaie tana dariya. Sannan ta ce, "Anghel, shayinka zai huce."

Na kai hannu zan tsayar, Tataie ya ce in bari. Akwai saura. Aka ji wata ƙaramar yarinya tana bubbuga maɓallai. Sai muryar Mamaie ta ɗaga: "Ke, cire hannunki daga abin da ba naki ba. Tambaya ake yi tukuna."

Sai Tataie ya tuntsire da dariya, har hawaye suna bin kumatunsa. Mama ta rufe baki da gyalenta. Tanti Zamfira ta buga cinya ta ce, "Wannan baiwar Allah ta san jikarta."

Ni dariya nake yi ko kuka, har yau ban sani ba.

Da hannuna na mayar wa Tataie Fitilarsa, bayan na tambaye shi. Muka kwafe muryar a faifai uku. Ɗaya muka aika wa Baba.

Na kuma rubuta a dandali na ba Direba22 haƙuri a gaban kowa. Wasu 'yan gidanmu suka ce na ci amana. Ban daina son Shamuwa ba, amma na daina kiran kowa tunkiya.

Abin da na koya ke nan. Son abu ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka raina wanda yake son wani abu daban, ko ka ƙi shawara mai kyau don ba daga gidanku ta fito ba. Kuma komai kyan niyyarka, kada ka taɓa kayan wani sai ka tambaye shi.

Da Tanti Zamfira ta zo mayar da sautin kunnawa, ta ce, "Baba Anghel, in yanko maka maganar shayin kawai, kamar da?"

Tataie ya dube ni, ya ɗora hannunsa a kaina.

"A'a," ya ce. "Ki bar duka. Ta farko tawa ce, ta biyu kuma tana da mai ita."