Ranar da Aka Ɗora Motar Hilmi a Sikeli

Ranar da Hilmi ya fara ganin Ilyana, ranar tseren motoci ce.

Safiyar Lahadi ce a Bukit Serai, tsohon filin tserenmu da gonakin kwakwar manja suka kewaye. Dokar kulob ce duk direba sai an auna jininsa kafin ya hau mota. Hilmi ya shiga rumfar asibiti da hular kwano a hammata, sai ya tarar da sabuwar nas, siririya, da farin hijabi da idanu masu shirin dariya.

Ta ɗaura masa abin awo, ta dubi allon, ta dube shi, ta kira shi Encik, wato Yallaɓai.

"Encik, da gudu ka zo daga gida? Zuciyarka ta riga motarka tashi."

Ya waiga ya ga babu kowa, ya rage murya. "Kullum haka nake kafin tsere. Tsoro nake ji. Don Allah kada ki gaya wa kowa."

"To me ya kai ka?"

"Da an kaɗa tuta tsoron yake tafiya."

"Ni kuma da an kaɗa tutar nawa yake zuwa," in ji ta. "Je ka, amma kada ka ba ni aiki."

Hilmi malamin firamare ne a garin Ipoh. Duk kulob an san shi da tsohuwar farar motarsa da yake kira Kaka. Injinta ƙarami ne, don haka ya yi shekaru yana rage mata nauyi: ya cire kujeru, ya cire kafet da na'urar sanyi, ya sauya ƙofofin ƙarfe da na roba. A ajin ƙananan motoci babu mai ganin ƙeyarta sai daga nesa.

Ranar ma shi ya zo na ɗaya. Da yamma ya nemo lambarta ya tura mata saƙo:

"Nas, ban ba ki aiki ba. Ladana kofin shayin madara ne, teh tarik, ni zan saya."

Ta amsa: "Wanda ya yi nasara ba ya roƙo. Amma ina son gurasar roti canai da shi."

Daga nan abin ya kama. Kafin damina ta juyo ya daina ce mata Nas, ya koma Sayang, wato masoyiya, ita kuma ta koma ce masa Abang, wato Yaya, yadda mata ke kiran mazansu a nan. Sai dai duk Lahadin tsere, tana zaune a motar asibiti da rediyo a cinya, ba ta iya haɗiyar ko ruwa sai ta ga Kaka ta wuce tutar ƙarshe.

Da magana ta yi nisa, ya je gaida iyayenta. Mahaifinta, Haji Mokhtar, tsohon jami'in kashe gobara ne, ya yi rayuwarsa yana yanka motoci a babbar hanya yana fito da mutane. Ya saurari Hilmi har ya gama, ya tura masa farantin kuih, kayan zaƙin shan shayi, sannan ya ce:

"Yaro, ba ni da abin faɗa a kan halinka. Amma na san ƙarar da ƙarfe yake yi in ya naɗe da mutum a ciki. Waɗanda na ciro, tsautsayi ne ya same su. Kai kuwa da ƙafarka kake zuwa nema. Ba zan ba ka 'yata ta riƙa jiran waya duk Lahadi ba."

"Pak Cik," in ji Hilmi, yadda ake kiran dattijo don girmamawa, "muna da ƙarafan kariya, muna da..."

"Su ma duk suna da bel. Sha shayinka."

Ilyana tana bayan labule, ta ji komai. Ta kasa jin haushin Abah, mahaifinta, domin abin da ya faɗa shi ne abin da take gani in ta rufe ido.

Ana cikin haka kulob ya kira taro. Mista Teoh, shugabanmu, ya ce motoci sun ragu, ba za a iya ci gaba da tsere huɗu a rana ba. Sai Fakhrul ya miƙe. Shi ne mai baƙar motar nan mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ɗan mai kamfanin gine-gine, wanda ya daɗe yana ajiye wa Ilyana furanni a rumfar asibiti tana bai wa masu shara. Ya kawo shawara a daina raba aji da girman inji, a koma duba ƙarfin mota da nauyinta. Mota mai ƙarfi ko maras nauyi ta hau ajin manya. A cikin wannan ƙuduri ɗaya aka haɗa dokar cewa kowane direba sai ya sa abin tallafe wuya, dokar da Ilyana ta daɗe tana roƙo.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hilmi ya juya, ya ga hannun Ilyana a sama, kusa da na Fakhrul.

Washegari aka ɗora Kaka a sikeli. Mai awo ya duba, ya sake dubawa, ya sosa kai.

"Cikgu," in ji shi, wato Malam, "motarka ta rame da yawa. Ajin manya za ta. In kana son ka zauna inda kake, sai ka ɗaure mata dalma a ƙasa, nauyin ƙaton mutum."

Fakhrul yana gefe yana dariya. "Barka da zuwa cikin maza, Cikgu. Ka dai riƙa duba madubi, kada in ɗauka kwali ne a hanya."

Hilmi ya juya masa baya. Ya ce wa mai awo a rubuta shi a ajin manya.

Saƙonta ya same shi yana ɗaure motar a kan tirela:

"Abang, don Allah ka sa dalmar. Motocin nan sun ninka Kaka gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Ina jin tsoro."

Ya amsa: "Ke kika ɗaga hannu. Na ga kuma kusa da wa."

"Wuyanka na ɗaga wa hannu, ba Fakhrul ba. Ban san sikeli zai kama ka ba, wallahi."

Ya karanta, bai amsa ba. Ta kira, bai ɗauka ba. Haka suka yi makonni, tana zuwa aiki asibiti da kumburarrun idanu, shi kuma yana tsayawa a gaban allo ya manta abin da yake koyarwa. Ya san gaskiya ta faɗa, amma dariyar Fakhrul ta tsaya masa a rai.

Mahaifiyarta ce ta gaji. Da safen ranar tseren ta ajiye wa Haji Mokhtar nasi lemak, shinkafar kwakwa ta karin kumallo, ta ce, "Abang, yarinyar nan ƙarewa take yi. Ka hana, ban ce komai ba. Amma ka je ka ga wurin da idonka, ko don ka san inda 'yarka take wuni." Ya yi gunaguni, ya ɗauki lema ya fita.

A rumfar asibiti Ilyana ta ɗaura wa Hilmi abin awo ba tare da ta dube shi ba. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Ka sa abin wuyan?"

"Na sa."

"Abang..." Aka busa ƙaho, ya tashi ya fita.

Hadari ya haɗo tun kafin a jera motoci. Kaka tana can baya a cikin manya, kamar akuya a garken bauna. Aka kaɗa tuta, ƙasa ta girgiza, suka ɓace bayan tudu. Ilyana ta ƙanƙame rediyo tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A kwanonin hanya Kaka tana wuce su ɗaya bayan ɗaya, amma da an fito miƙaƙƙiyar hanya sai su taho mata ta baya kamar a tsaye take. Hilmi ba ya ganin komai a madubi sai farin feshin ruwa da fitilu masu girma cikin ƙiftawar ido. Wannan karon tuta ba ta tafi da tsoronsa ba.

A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ya taka birki inda ya saba. Fakhrul, da ke tahowa a bayansa cikin feshi, bai gan shi ba sai da ya iso.

Ƙarar ta kai har rumfar asibiti. Rediyo ya yi ƙara: "Jan tuta! Jan tuta! Farar mota ta kife a kwanar rafi!"

Ilyana ba ta san lokacin da motar asibiti ta tashi ba. Da suka isa, Kaka tana kwance a kan rufinta cikin laka, tayoyinta na juyawa, warin fetur ya cika wurin. Fakhrul ya fito daga tasa motar, ya durƙusa a ciyawa ya riƙe kai yana ta faɗin, "Ban gan shi ba, wallahi ban gan shi ba."

"Nas, dakata, mai yana zuba!" wani ya yi ihu.

Ba ta ji ba. Ta kwanta rubda ciki a laka, ta ja jiki ta tagar da ta fashe. Hilmi yana rataye a bel, kai ƙasa, idanunsa a rufe. Ta sa hannu biyu ta tallafe hularsa.

"Abang. Abang Hilmi. Buɗe ido."

Shiru. Ruwa yana buga cikin motar, fetur yana ɗiga kusa da kunnenta.

"Ka yi mini magana, ko zagi ne."

Gashin idonsa ya motsa. "Sayang... fita. Za ta kama wuta."

"Motsa yatsun ƙafarka."

"Suna motsi. Hannuna ne... Ilyana, fita, don Allah."

"In na saki wuyanka ban san abin da zai faru ba. Ba inda za ni."

A waje masu ceto sun iso da almakashin ƙarfe, sai dai ƙarafan kariyar sun lanƙwashe sun danne ƙofa. Wani dattijo ya tsallako shinge babu lema, rigarsa ta manne a jiki, ya ce su ba shi wuri, aikinsa ne. Ya sa aka lulluɓe man da kumfa, ya durƙusa ya leƙa don ya ga inda zai fara yanka. Sai ya yi ido huɗu da 'yarsa.

"Abah," in ji ta.

Haji Mokhtar ne. Ya dubi fetur ɗin da ke jiƙa hijabinta, ya dubi hannuwanta da ba sa ko rawa. Ya karɓi almakashin.

"Riƙe shi da kyau. Kai kuma yaro, kada ka motsa, kada ka kuskura ka mutu a gabana."

Kowane cizon almakashi sai motar ta yi ƙara ta nutsa kaɗan. Da ƙarfen ƙarshe ya rabu, aka zaro Hilmi a kan katako, sannan aka jawo Ilyana. Sai a lokacin ta zube a ƙirjin mahaifinta tana kuka, shi ma kafaɗunsa na girgiza.

Hannu ya karye, haƙarƙari ya tsage, amma likita ya ce wuya lafiya lau. Da Hilmi ya farfaɗo sosai, Haji Mokhtar ne zaune a gefen gadonsa.

"Pak Cik, ka yi gaskiya. Na kusa jawo Ilyana ta halaka tare da ni."

"Na yi gaskiya," in ji tsohon. "Amma na ga abin da ban sani ba. Ko na ba ka ita ko ban ba ka ba, yarinyar nan za ta shiga wuta ta same ka. Gara ta shiga tana matarka, in samu bakin yi maka faɗa. Za ka daina tseren?"

Hilmi ya dube shi. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Amma ba zan sake shiga ajin da ba nawa ba don wani ya yi dariya."

"Da ka ce ka daina, da ban yarda da kai ba. Turo manyanka."

Kulob ya sake zama, aka raba tashin motoci masu babban inji da na masu ƙarami. Fakhrul da kansa ya kawo wannan shawarar, ya kuma je asibiti ya nemi gafara, kansa a sunkuye.

Aka ɗaura aure a masallacin unguwar su Ilyana bayan an cire wa ango filasta. Haji Mokhtar ya riƙe hannun Hilmi, ya ba shi 'yarsa, Hilmi ya karɓa da numfashi ɗaya, shaidu suka ce ya yi. Aka ci shinkafar biki, nasi minyak, da naman rendang a ƙarƙashin rumfuna, Mista Teoh da 'yan kulob suka cika layin da motoci suna ta danna oda har liman ya leƙo.

Da aka zaunar da su a kujerar amare, dangi suna zuwa suna yayyafa musu ruwan fure, Ilyana ta sunkuya ta ɗauki hannun mijinta ta sumbata, hawayenta ya sauka a kai. Mahaifiyarta ta dafa kawunansu biyu.

"Allah Ya haɗa kanku, Ya tsare fitarku da shigarku, Ya dawo mana da ku gida lafiya duk inda kuka je."

Duk rumfar ta amsa da amin, ta Haji Mokhtar ta fi ta kowa ƙarfi.