Gurbin Albashin Miji

"Mus'ab, da hannunka ka rubuta wannan?"

Malam Hambali ne ya yi tambayar, shugaban ɗaliban Najeriya na jami'armu, wanda muka gayyato ya raɗa wa 'yarmu suna. Mata sun cika kicin ɗin gidanmu na unguwar Sentul a Malaysia ana ta suyar kaji, shi kuwa yana shigowa ya ce mu keɓe mu uku, ya zaro wata takarda. Na zauna da jaririya a cinya, ɗinkin cikina yana ja na.

Mijina ya dubi takardar, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Malam. Amma wallahi just for the form ne, ba har zuciyata ba."

"Da suka kira ka a ofis, ka maimaita da bakinka?"

"Na maimaita..."

"Ka mayar da ita kafin ta haihu?"

"Malam, ai ban sake ta ba balle in mayar da ita."

Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ni dai na san na shiga uku tun kafin ya buɗe baki.

Ga yadda abin ya faro. Cikina yana wata bakwai likita ta ce sai an yi min tiyata, kuma baƙo a garin nan ba ya biyan kuɗin ɗan ƙasa. Tallafin karatuna daga gida ya yi wata biyar shiru. Sai na ji labarin wata gidauniya da ke taimaka wa ɗalibai mata masu ƙaramin ƙarfi, na hau bas har ofishinsu da ke titin Jalan Semarak na karɓo fom.

A shafi na biyu akwai gurbin albashin miji, da sharaɗin a haɗo takardar albashinsa ta wata uku. Na rubuta gaskiya. Matar ofishin ta haɗa tallafina da albashinsa, ta girgiza kai ta ce, "Cannot lah, sister." Wai mun haura iyakarsu da ringit ɗari da 'yan kai. Na yi mata bayani har muryata ta dashe, cewa fiye da rabin albashin nan Kano yake tafiya duk wata, wankin ƙoda ake yi wa mahaifiyarsa. Ta tausaya min, amma fom ɗin bai da gurbin da ake rubuta inda albashi yake tafiya.

Kamila maƙwabciyata ce ta kawo dabarar. Ta ce macen da suka rabu da mijinta ba a lissafa mata albashinsa, 'yar takarda kawai suke so daga hannun mijin. Ta ce kowa haka yake yi. Ban tambaye ta waye kowa ba, ban kuma tuna cewa kafin a kawo ni Malaysia ita ake yi wa zancen Mus'ab ba.

Da na gaya masa, sai da ya ajiye cokali. Ya ce zai nemi rance, zai sayar da kwamfutarsa, zai yi komai ban da wannan. Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Na yi kwana uku ba na kula shi. Ya yi min tapau, wato ya ƙunso min shinkafar nasi kandar da nake mutuwar so, na ture. A rana ta huɗu na faɗi maganar da har yau take cin raina.

"Idan na mutu wajen haihuwa, sai ka riƙe gaskiyarka ta rene maka 'yar."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Walida, hasken raina, kar ki sa ni..."

Na miƙa masa biro. Ni na riƙa faɗa, shi yana rubutawa. Da ya zo kan kalmar saki ya tsaya, na ce masa takarda ce fa kawai, ya ƙarasa. Bayan kwana biyu suka kira shi ya tabbatar da baki. Aka biya kuɗin asibiti, na haihu lafiya, har ina yi masa dariya wai ga shi sama ba ta faɗo ba. Ashe ofishin yana tura wa shugaban ɗalibai irin waɗannan takardu ya sa hannu.

Malam Hambali ya yi magana a hankali, kamar mai jaje. Ya ce ba a wasa da saki, an rubuta kuma an furta, ya auku. Da an mayar da ni ina da ciki, da shi ke nan. Amma iddar mai ciki haihuwa ce, ta cika kwana bakwai da suka wuce. Yanzu sai sabon sadaki, sabon ɗaurin aure, da yardar waliyyina.

Waliyyina kuwa Abba ne, wanda tun farko bai so auren ba. Shekara biyu Umma ta yi tana lallashinsa kafin ya ba ɗan malamin firamare 'yarsa.

Haka aka raɗa wa Fatiha suna, ana ta barka, ni ina murmushin dole. La'asar na yi Mus'ab ya haɗa kayansa a jaka ɗaya ya koma ɗakin abokinsa a unguwar Titiwangsa. Muka yi shawarar Malam ya kira Abba washegari ya bi shi a hankali, sai dai Kamila ta riga mu. Kafin gari ya waye labari ya isa Kano, da ƙari.

Mus'ab ya zo gidan ya kira Abba a gabana, yana durƙushe kamar yana ganinsa. Ya ce shi ya kawo shawarar, shi ya matsa min, ni ba ruwana. Abba ya wanke shi tas, ni ina ji na yi gum. Wannan shirun nawa shi ma ina jin kunyarsa.

Sati biyu na kasa cin abinci. Na kira Abba da kaina ina kuka, na faɗa masa komai, ina ganin gaskiya za ta gyara. Ya saurare ni har na gama.

"Wato ke kika karanta masa, ya rubuta?"

"Eh, Abba. Laifina ne, don Allah ka..."

"To namijin da mace za ta karanta masa saki ya rubuta, ba zan ba shi 'yata sau biyu ba. Ki tattaro ki dawo gida."

Umma ta roƙa, kawunnaina sun roƙa, Abba ya rantse. Malam ya ce akwai hanyar zuwa wajen alƙali ya zama waliyyina, Mus'ab ya ce ba zai aure ni a kan fushin ubana ba, an yi kuskure ɗaya ya isa.

Ranar komawata Kano, Mus'ab ne ya raka mu filin jirgi. Na zauna a baya da hijabi har ƙasa, shi a gaba kusa da direba. Ya ɗauki Fatiha tun daga mota har inda ba a barin mai rakiya ya wuce, yana ta sunsunar kanta. Da ya miƙo min ita, ya kiyaye kada hannunsa ya taɓa nawa.

"Ki yafe min, Walida. Ni ne namiji, da na ƙi."

"Ai ka ƙi, Mus'ab," na ce, hawaye suna zubo min. "Kwana uku kana ƙi. Ni ce ban bar ka ba."

Bai musa ba. Ya gyara wa 'yarsa hula, ya ja da baya ya ba mu hanya.