Bishiyoyin Da Aka Dasa Da Ledarsu

Akwai wata yarinya da ake ce wa Ƙafar-Wuta, don komai a guje take yinsa. Ko wanka ta shiga, bayanta a bushe take fitowa.

A bayan makarantarsu akwai wani fili da ya zama juji. Mai filin wani tsoho ne. Ya ce yara su dasa bishiyoyi a ciki. In sun kama, filin ya zama wurin wasansu. In sun mutu, zai ba masu buga bulo filin.

Unguwa ta tashi tsaye. Mai walda ya yi shinge. Mai gyaran famfo ya jawo ruwa. Iyaye mata suka kwashe shara. Aka kawo 'yan dashe, kowanne a cikin baƙar leda.

Malamarsu ta raba yara gida biyu, kowane gida da rabin filin. Ƙafar-Wuta ta shugabanci ɓangare ɗaya, yayanta ya riƙe ɗayan. Malama ta nuna musu yadda ake yanke ledar a hankali kafin a sa dashe a rami.

To, yankan leda akwai cin lokaci. Ƙafar-Wuta ta hango yayanta ya yi nisa. Sai ta raɗa wa yaran ɓangarenta, "Ku jefa har da ledar, ku rufe. Wa zai tona ya gani?"

Su suka fara gamawa. Ta yi wa yayanta gwalo har harshenta ya gaji.

Kwanaki suka shuɗe. Bishiyoyin yayanta suka yi tofo. Nata kuwa suka koma ruwan ɗorawa, suka sunkuyar da kai. Ta yi ta ba su ruwa safe da yamma. Har lallashinsu ta yi. Ganye sai zuba yake. Yaranta suka daina tafiya tare da ita. Abinci ma ya ƙi shiga.

Ran nan Malama ta tone guda ɗaya. Saiwar ta nannaɗe a cikin leda, ta ruɓe.

"Ta nemi hanya ne, ba ta samu ba," in ji Malama.

Tsoho ya zo ya duba, ya tafi. Washegari motar yashin masu bulo ta juye kaya a ɓangaren Ƙafar-Wuta. Mai walda ya cire shingensa, bai kalli kowa ba. Yarinyar ta zauna a ƙasa tana kuka.

Mamarta ta ce, "Tashi, 'yar nan. Je ki gaya wa tsohon gaskiya."

Ta same shi a bakin filin. Ta ce, "Baba, ni na ce a rufe da leda. Yaran ba su da laifi."

Tsoho ya ce, "Yashi ya riga ya sauka, jikata. Na ba mutane magana. Amma gefen katangar nan, ban ba kowa ba."

Ta tone ramukan duka. Yayanta ya riƙe mata cebur yana tsokanarta. 'Yan ƙalilan suka samu da sauran rai. Ta yanke ledojinsu a hankali, ta dasa su a gefen katanga.

Rabin filin ya tafi ke nan. Amma ran da ganye sabo ya leƙo, yaranta suka dawo da bokitansu, aka yi ta tsalle.

Yara, idan aka ba ku aikin jama'a, ku yi shi daidai ko da babu mai ganinku.