Bari In Gama Jarrabawa

Ranar da Seini ya fara ganin Sahadatu, saura kaɗan ta sa a kore shi daga laburare.

Wata Asabar ce a farkon shekarar 1969. Seini yana aji uku a sashen haɗa magunguna na jami'ar da kowa a Kumasi yake ce wa Tek. Mutumin Walewale ne, can arewacin ƙasar, ɗan manomi, gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsa. Hanyar karatu ɗaya ya sani tun makarantar allo: ya rufe ido, ya riƙa rausayawa, yana maimaita layi har ya zauna masa a ka. Abokan ɗakinsa sun gaji da shi, shi ya sa yake gudowa laburaren gari.

Yana cikin ƙunƙuninsa ya ji an ƙwanƙwasa tebur da biro.

"Malam, don Allah, karatu kake yi ko wuridi?"

Ya buɗe ido ya ga wata doguwar budurwa da farin mayafi, ta haɗe rai, amma dariya na neman ƙwace mata.

"Hadda nake yi," in ji shi.

"To rufe littafin ka gaya mini abin da ka haddace, da Hausa."

Ya buɗe baki, Turancin ya zubo tiryan-tiryan. Da ya zo mayar da shi Hausa, sai abin ya gagare shi.

"Ka gani? Ka haɗiye, ba ka tauna ba."

Daga nan ta laƙaba masa Sarkin Hadda, shi kuma yake ce mata Malamata. Sunan ya dace, don tana kwalejin horar da malamai mata, abin da ba a cika gani ba a 'yan matan zango, unguwannin baƙi, a lokacin. Mahaifinta Alhaji Buraima dillalin goro ne a unguwar Alabar. Daga Dosso, wani gari a ƙasar waje, ya zo tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa duka.

Kowace Asabar suna zama a kan benci bayan laburaren. Dokarta ɗaya ce: duk abin da aka koya masa a makon, sai ya koya mata. In ba ta gane ba, to shi ma bai gane ba. Ya riƙa zana mata hanyar da magani ke bi a jini da tsinke a ƙasa, tana tsare shi da tambaya. Kafin damina ta kama, malaminsa ya tsayar da shi a aji ya tambaye shi wa ya buɗe masa kai.

Wata rana ta tsinci takarda a cikin littafinta:

"Malamata, yau darasin zuciya aka yi mana. Sun ce ɗakuna huɗu gare ta. Na duba tawa, duka ke ce a ciki."

Washegari ta aiko da amsa ta hannun ƙawarta Azaratu:

"Sarkin Hadda, wannan ma haddacewa ka yi? Ka zo ka faɗa wa Baba da Hausa."

Ya je, tare da kawunsa Bawah mai aikin kafinta a unguwar Akwatia Line. Alhaji Buraima ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo goro, amma bai ba su fuska ba.

"Yaro, ba na aurar da 'yata ga littafi. Ka gama, ka san inda ka tsaya. Kuma kada in ɓoye maka, akwai Sanni, ɗan abokina, mai lorin da ke kai mini kaya. Ya riga ka magana. Ban amsa masa ba, kai ma ban amsa maka ba."

Seini ya fito da ƙudurin cewa sakamakonsa ne zai yi masa magana. Ya rage zuwa benci. Ya koma cin abinci da littafi a gaba.

Ana cikin haka, a watan Nuwamba, rediyo ya sanar da dokar gwamnati: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Zango ya rikice. Mutanen da ba su taɓa tunanin wata takarda ba suka fara fito da gadaje da kekunan ɗinki bakin titi suna sayarwa yadda ta kama. Seini ya ji labarin a ɗakin cin abinci, ya ce a ransa ai wannan ba zai taɓa waɗanda aka haifa a nan ba. Jarrabawa ta ƙarato, kuma wanda ya faɗi za a iya janye masa tallafi.

Ana sauran 'yan kwanaki wa'adi ya cika, aka ce yana da baƙuwa. Ya fito da littafi a hannu, yatsansa a tsakanin shafi. Sahadatu ce, ta hawo motar haya ta trotro ita kaɗai, idanunta sun kumbura.

"Baba ya sauko," ta ce. "Ya ce in da gaske kake, ka turo kawunka a ɗaura kafin mu tashi. In ina matarka zan iya zama, in ƙarasa makarantata."

"Malamata, ki kwantar da hankalinki. Ke fa 'yar Kumasi ce. Wa zai kore ki?"

"An riga an zo layinmu, Seini."

"Barazana ce, za su ƙara lokaci. Jibi nake shiga takarda mafi wuya. Bari in gama jarrabawa, ranar da na ajiye biro zan zo da Kawu."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi yatsan da har yanzu bai zare daga littafin ba.

"To. Allah ya ba da sa'a."

Bai ma raka ta bakin titi ba.

Ranar da ya ajiye biro ya tafi Alabar da sabuwar riga. Ya tarar da ƙofar a rufe, wani baƙon mutum yana auna bangon gidan da igiya. Azaratu ce ta gaya masa sauran: Sanni ne ya kwashe su a lorinsa, shi da iyayensa da su. Har motar ta tashi Sahadatu tana duban bakin layi.

Sakamako ya fito, Seini ne na ɗaya a aji. Ya karanta sunansa a allo, ya koma ɗaki ya kwanta da takalminsa.

Ya rubuta wasiƙu zuwa Dosso, ba amsa. Da aka ba da dogon hutu a 1970, ya shirya. Kawu Bawah ya ce, "In ka tarar ta auri mai lorin fa?"

"In yi mata Allah ya sanya alheri, in roƙi gafararta, in dawo."

Ya bi ta Bawku, ya ratsa ƙasar Volta cikin ruwa da taɓo, daga wannan mota zuwa waccan. A tashar Dosso mutum na farko da ya gane shi Sanni ne. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya miƙa hannu.

"Na nemi aurenta, ta ce in yi haƙuri. Ban tilasta ba. Amma ka sani, ni na ɗauki gawar uwarta zuwa maƙabarta, kai kana can kana karatu. Bi wannan layin, gida mai darbejiya."

A nan Seini ya fara jin cewa mahaifiyar Sahadatu ta rasu. Ciwo ya kama ta a sansanin bakin iyaka inda suka yi ta jiran a buɗe hanya, ba ta tashi ba.

Ya sami Sahadatu a zaure da tiren goro a gabanta, da ƙaramin littafin Faransanci irin na 'yan aji ɗaya a cinyarta. Ta rame. Ta amsa sallamarsa kamar ta baƙo.

"Ka ci jarrabawar?"

"Na ci."

"Madalla. 'Yan ajinmu ma sun gama, na ji an raba su makarantu. Ni a nan ko sunana ban iya rubutawa yadda suke so ba."

Ya durƙusa a bakin tabarma. "Ba ni da abin da zan ce. Kin zo da ƙafarki, na duba littafi."

Ta shiga sake jera goron da yake a jere.

"Na yi fushi da kai har na gaji. Wasiƙunka na karanta, ban iya amsawa ba. Amma wani lokaci sai in tuna, da ka aure ni a ranar, da ba a hannuna Mma ta cika ba. Ban san wanne zan riƙe ba, Seini. Kullum sai in riƙe duka biyun."

"Ki bar ni in taya ki riƙewa."

Ta goge ido da gefen mayafi. "Sarkin Hadda. Yau kam ba haddacewa ka yi ba."

Alhaji Buraima ya tsufa a 'yan watannin nan fiye da shekarunsa. Ya saurari Seini har ƙarshe, sannan ya ce, "Laifinka na makonni ne, nawa na watanni. Da na amsa tun zuwanku na farko, da ba a kai nan ba."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba kiɗa, don gidan bai gama makoki ba. Limamin unguwa ya tsaya wa ango, tsofaffin da aka koro tare suka cika zauren suna tambayar Seini labarin kasuwar Kejetia da masallacin Alabar. Seini ya yi wa surukinsa alkawari a gabansu cewa Sahadatu za ta koma aji, ko da daga farko za ta fara.

Sanni ne ya kai su tasha. Alhaji ya rako su yana dogara sanda. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya ɗora ɗayan a kafaɗar angon.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'ar da ba wanda zai tambaye ta takarda. In kun isa, ku gaishe mini da mutanen Alabar gida-gida." Ya sauke hannuwansa. "Amma kada ku rubuto mini sunan wanda ya shiga gidana."

Suka ce amin. Motar ta tashi, Sahadatu ta juya tana ɗaga wa mahaifinta hannu har aka sha kwana, Seini yana riƙe da ɗaya hannun nata.