Manzon da Bai Isa Sarai Ba

Ku matso kusa. Ke Talatuwa, in tsoro kike ji, tashi tun yanzu, kada ki hana mu barci da ihu.

Can ƙasar Tatar, inda ciyawa ba ta da iyaka, an yi wata daula mai babban birni, Sarai. Sarkinsu Han ake ce masa. 'Ya'yan sarauta suka yi ta cin amanar juna, har maƙiya suka zo suka ƙone birnin ƙurmus. Jama'a ta watse.

Bayan shekara arba'in, wani tsoho, Kutlubai, ba abin da ya rage masa sai goɗiya ɗaya. Nononta kaɗai matarsa Aibike ke iya haɗiya, don ciwo ya cinye ta.

Wata magariba, farkon sanyi, yana janye da goɗiyar, sai ga mutum tsaye a hanya da sirdi a kafaɗa. Duk sanyin nan, numfashinsa ba ya tururi. A kan ƙanƙara kuwa babu sawunsa, ko ɗaya.

Mutumin ya ɗaga wani allon tagulla. Dokarsu ce, in manzon Han ya nuna maka allon nan, dokinka ya zama nasa.

"Tsoho, dokina ya faɗi. Maƙiya na tafe. Dole in kai labari Sarai."

Kutlubai ya gane muryar. Muryar yayansa ce, Yanbulat, wanda aka aika Sarai tun kafin a ƙone birnin, bai isa ba. An ce gudu ya yi, uwarsu ta mutu da wannan kunyar. Ga shi nan saurayi, ko furfura babu.

"Yaya..."

"Ban makara ba ko?"

Wayyo, da ya faɗa masa gaskiya! Birni ya zama kufai, ajiye sirdin ka huta. Shi ke nan fa. Ya tuna Aibike kwance tana jiransa. Amma ya dubi idon nan mai roƙo, tausayi ya kama shi.

"Ba ka makara ba, Yaya. Hau."

Yanbulat ya hau ya tafi, Kutlubai ko ƙarar kofato bai ji ba.

Ya isa gida da igiya a hannu. Aibike ta ce, "Maigida, ina goɗiyar?" Ya zauna a bakin ƙofa yana kuka. Aibike ba ta cika mako ba ta rasu.

Yanbulat kuwa har yau gudu yake, tunda ba wanda ya gaya masa an gama. To, kada wanda ya bi hanyar kufai shi kaɗai. In kuwa aka tambaye ku ko an makara, ku daure ku ce an makara.