Mandu da Matashin Marigayiya

A cikin lifta suka haɗu, a wani dogon bene na birnin Daegu. Hyun-tak bai fara ganin fuskarta ba, ɗumi ya fara ji a ƙafarsa. Da ya duba, sai ga wani farin kwikwiyo da bai fi silifa ba yana gama abin da ya fara a kan takalminsa.

"Wayyo, Mandu! Don Allah ka yi haƙuri," in ji budurwar da ke riƙe da igiyar. Sunanta So-dam.

"Ba komai, ai ni gwanin horon karnuka ne."

Tabarau yake sayarwa, ko kifi bai taɓa kiwo ba. Mu maza haka muke: ƙaryar da za ta ci mu, da murmushi muke yin ta.

Kafin damina ta wuce, ta koma kiransa Yaya, shi kuma yana ce mata Zumata. Saura mahaifinta, Baba Pyo, tsohon sajan, wanda ya riga ya ajiye mata ɗan abokinsa, likitan dabbobi mai mota.

"Na ji an ce kai gwani ne," in ji tsohon. "To, ɗauki wannan abin. Ka dawo da shi ranar bikin kaka ya san inda ake fitsari. Wanda ya kasa da kare mai girman silifa, ba zai riƙe mini 'ya ba."

Hyun-tak ya shimfiɗa ƙyallen fitsari mai kusurwa huɗu a ɗakinsa. Mandu ya yi a gefensa, ya yi a bayansa, wani lokacin ya kwanta a kai ya yi barci. Ga ƙasan ɗaki mai ɗumi, tana dafa warin kamar miya.

Saƙon So-dam ya shigo: "Yaya, ya ɗalibinka? Likita ya sake zuwa, ya ce a kulle shi a keji har ya ji jiki. Na ƙi fitowa."

Ya amsa: "Zumata, yau sau ɗaya ya dace. Ina jin kuskure ya yi."

Amma a hankali abin ya zauna. In Mandu ya hau ƙyallen ya yi, sai a ba shi ɗan busasshen nama.

Ranar biki, Baba Pyo ya zauna a kan matashinsa na ƙasa. A gefensa ya ajiye na matarsa marigayiya, wanda ta ɗinka da hannunta, don mai neman aure ya gaishe su su biyu. Hyun-tak ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa yadda ake yi wa iyaye.

Daga nan ƙasa ya hango Mandu yana tafiya da natsuwar ɗalibin da ya yi karatu. Abu ne shimfiɗe a ƙasa, mai laushi, mai kusurwa huɗu. A ɗakin gwauro babu matashin zama, ba wanda ya taɓa nuna masa bambanci.

Ya hau matashin marigayiya, ya yi fitsarinsa a tsakiya daidai. Da ya gama, ya zo gaban Hyun-tak ya zauna, yana kaɗa wutsiya.

So-dam ta toshe baki. Hyun-tak ya san aure ya riga ya tafi. Ya sa hannu a aljihu, ya ba karen namansa.

"Lada kake ba shi?" in ji tsohon.

"Baba, abin da na koya masa ya yi. Ni ne ban iya ba."

"Fita."

Kwanaki suka wuce shiru. Ya rubuta mata: "Ki auri likitan, Zumata. Amma kada a sa Mandu a keji." Ya kashe wayar, ya ci gaba da goge tabarau.

Wata safiya sai ga Baba Pyo a shago, kare a hammata.

"Ya ƙi cin abinci. So-dam ma haka. Ni kaɗai nake ci, kamar mara imani." Ya dire Mandu a kan kantar shagon. "Har uwarta ta rasu tana koya mini in daina yar da safa a tsakar ɗaki. Ban koya ba. Ba ta taɓa sa ni a keji ba."

"Baba, matashin fa?"

"Ya wanku. Rufe mini baki kafin in canza ra'ayi."

An ɗaura aure da bazara. Da ango da amarya suka durƙusa, tsohon a kan kujera ya karɓi gaisuwar, matashin marigayiya a cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu. Ya watsa musu dabino a zanin amarya, kamar yadda al'ada take, don fatan haihuwa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana," ya ce. "In kuma sun gado ni, ya ba ku haƙuri."

Mandu dai har yau bai koya ba. Gidan ne ya koya: ba a barin komai mai kusurwa huɗu a ƙasa.